Maraƙin Ciyawa a Bakin Fito

Garinmu ba shi da girma. In ka tsaya a gindin tsamiyar mashigi ka ɗaga murya, na ƙarshen gari zai amsa maka. Amma muddin kogin Komadugu na da ruwa, duk abin da zai ƙetara zuwa Najeriya ta wajenmu sai ya durƙusa a gabanmu. Kamyo ya taso daga Diffa da buhunan tattasai har sama, ya zo bakin ruwa ya kashe inji. Kanwa, banda, tumaki, duk nan. Daga can kuma jarkokin fetur, atamfa, garin rogo. Har mutanen duwan, wato kwastan, da kakinsu, in za su haye, sai sun tuɓe takalma sun jira mijina. Shi ne babban masu fito, kamar yadda ubana ya riƙe kafin shi. Ni kuwa kifi nake soyawa a inuwar tsamiyar, kuma na iya iyo tun ban iya ɗaura zane ba.

Kogin nan har yau ban gama mamakinsa ba. Da bazara yashi ne, jakai na birgima a cikinsa. Sannan wata safiya ruwa ya ɓullo daga yamma, a hankali, yana tura kumfa da karare a gabansa. Kuma ba da damina yake cika ba. Sai sama ta ɗauke, an gama girbi, sannan ya yi ta hauhawa da ruwan da aka zuba a ƙasashen da ban taɓa gani ba.

A wata irin wannan cikar, shekarar da ciyawar arewa ta ƙare da wuri, wani tsohon Bafulatani ya iso da hantsi daga wajen Gelbeli, shi da matarsa da garkensa. Jajayen shanu masu dogon ƙaho, amma kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Abin da ya rage masa a duniya ke nan. Ciyawa tana ƙetare, ana hango ta shar. In ba su haye ba, da wuya su ƙara sati a tsaye.

Mu Barebari da Fulani abokan wasa ne, don haka na tare shi: "Bawana, ka zo gaishe da uwargijiyarka hannu rabbana?"

Ya ce, "Ina Babarbariya ta samu bawa? Ke dai ba ni ruwa in sha, na ga kun tare na duniya duka a ƙofar gidanku."

Ya yi dariyar, amma idonsa na kan kogi. Shanunsa ba irin na Buduma ba ne da ake haifa cikin tafki. Ba su san ruwan da ya wuce kwamin rijiya ba.

Yadda muke yi shi ne, a ɗauki maraƙin saniyar da ke jan garke a sa cikin kwalekwale. Yana kuka, uwar ta faɗa ruwa, sauran su bi ta. Mijina ya ce, "Baffa, ina ɗan jagorar?"

Tsohon ya waiwaya baya. Sai matarsa ta kwance wani ƙunshi daga bayan jaki. Fatar maraƙi ce, an cusa mata ciyawa an ɗinke, ƙafafu na reto. Ɗan ya mutu a hanya. Haka Fulani suke yi: a ajiye fatar a gaban uwa, a barbaɗa gishiri, tana lasa tana sakin nono. Masu lodin tattasai suka fashe da dariya. Wani ya ce, "To wa zai yi kukan?"

Mijina ya duba ruwa, ya duba saniyar, ya daɗe. Sannan ya ce da ni, "Sauke kaskonki. Ni zan tuƙa, tsoho zai koro su ta baya. Matarsa ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ke za ki riƙe."

Na zauna a gindin kwalekwale na rungume abin. Ba nauyi, sai warin madara da hayaƙi. Matar ta durƙusa a tsakiya ta rufe fuska. Muka tura. Saniyar ta zo bakin ruwa ta tsaya, tana huci, ta miƙo wuya. Ta sa ƙafa ɗaya, ta janye. Na girgiza fatar kaɗan, kamar maraƙi ya motsa. Sai ta yi wani gunji daga can cikin ciki, ta faɗo.

Na ga abubuwa a bakin ruwan nan. Na ga an haɗa kwalekwale biyu da katako an ɗora mota. Amma ban ga kamar wannan ba. Garken duka ya zubo a bayanta, jikinsu ya nutse, ba abin da ya rage sai hanci da ƙaho. Ƙahoni cike da kogi, kamar kurmin busassun itatuwa ya tashi yana tafiya a kan ruwa. Ba kuka, ba ihu. Numfashinsu kaɗai kake ji, fuu, fuu. Masu dariyar nan duk suka bar lodi suka zuba ido.

A tsakiya, inda ruwa ke da ƙarfi, na yi wauta. Igiyar ruwa ta fantsamo, na ji tsoron kar fatar ta jiƙe warin ya tafi, sai na ja ta kan cinyata na lulluɓe da mayafi, yadda uwa ke yi wa jinjiri. Saniyar ta ɗaga kai ba ta ga kome ba. Idonta ya juya fari. Ta fara karkata, ruwa ya kama gefenta, na baya suka soma karkata tare da ita zuwa kwanar da gaɓa ke tsaye kamar bango. Dabbar da ta je can ba ta fita.

Mijina bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba naki ba ne. Ba ta ɗanta."

Na yaye mayafin, na kwanta rub da ciki a bakin kwalekwale, na miƙa fatar har ƙafafunta na jan ruwa. Ba ta gani ba. Sai na buɗe baki na yi kukan maraƙi, ni da ke da suruki a lokacin. Na yi, na sake yi, har maƙogwarona ya yi zafi. Ta juyo. Ta yanko ruwa ta zo, ta sa harshe a kan fatar, ta haɗa da hannuna. Kaushinsa na nan a hannuna har gobe. Ta ɗora haɓa a gefen jirgi, muka karkata har ruwa ya shigo, matar tana salati. Mijina ya kafa sanda ya danne ɗaya gefen da ƙafarsa. Haka muka tafi, tana lasa ina ja da baya kaɗan-kaɗan, ƙahonin nan suka miƙe layi a bayanmu.

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa na ji a jikin jirgin. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, suna rawar sanyi. Na ƙarshe wani bijimi ne, tsohon na maƙale da wutsiyarsa. Ashe tsohon bai iya ruwa ba, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Bai ƙirga su ba, su Fulani ba sa ƙirga dabba. Ya bi su yana duban fuskokinsu, yana taɓa wannan, yana kiran waccan. Ya zagaya sau biyu. Sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni, rigarsa na ɗiga, ya ce, "Duk suna nan."

Na ce, "To bawana, sai godiya."

Ya ce, "Shekara sittin ina kiwo, ban taɓa jin maraƙi mai mummunar murya irin wannan ba."

Yana gama maganar sai ya kau da kai. Muka zauna nan muna jin ƙarar ciyawa a bakin shanu.