Gwaggon da Ba a Ga Gawarta Ba

A shekarun da aka rufe makarantu a Maiduguri, na zauna hannu rabbana, ni da na saba da rajistar ɗalibai tun safe har azahar. Sai na koma karatun wani labari mai kashi biyar da na sayo a Kasuwar Litinin, labarin wata yarinya da ta tashi a hannun gwaggonta, tana neman sanin ko ita wace ce har ta mallaki hankalin kanta. Da yake hali zanen dutse ne, na buɗe wa mutanen labarin rajista: wa ya haifi wa, wa ya shigo, wa ya fita.

Bayan la'asar nakan karanta wa maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta gudo daga kudancin Borno ta kama ɗaki a gidanmu na Lamisula. Tana tsintar wake tana saurare.

A kashi na biyu aka ce gwaggon ta rasu a hatsarin mota. A kashi na huɗu sai ga ta tana sallama a ƙofar gida. Na rufe littafin, raina a ɓace.

"Wannan sakaci ne," na ce. "Marubucin da ke manta matattunsa bai cancanci a karanta shi ba."

"Malama, ke dai da faɗa! Wa ya ga gawar?"

"An yi sadakar uku da ta bakwai, Yaya."

"Na ce wa ya ga gawar?"

Na koma kashi na biyu na bi shi layi-layi. Babu wanda ya gani. Wani direba ne ya faɗa wa wani. Ashe ni ce na rubuta "ta rasu" a rajistata babu shaida, abin da ban taɓa yi wa fayil ɗin ɗalibi ba.

Ta ajiye faifan waken. "Ƙanwata ma haka. Wani ne ya ce ya ji an ce. Muka yi addu'a a coci, muka watse."

Na tambaye ta wane ne mutumin, a ina ya ji, daga bakin wa. Ko ɗaya ba ta sani ba.

"Gobe ki raka ni sansanin 'yan gudun hijira," in ji ta. "Ni rubutun ma'aikatan nan ba ya karantuwa a idona."

Muka je. Can tsakiyar wani kundi na ci karo da suna irin na ƙanwar, amma ƙauyen daban. Ma'aikacin da ke wurin ya ce an mayar da matar zuwa wani sansani a bayan gari. Ina cikin tambayarsa ko ƙauyen ne aka rubuta ba daidai ba, Yaya ta riga ta fita bakin titi tana tsayar da keke mai ƙafa uku.