Ruwan da Goggo Chundung ta zuba

Goggo Chundung ƙanwar babana ce, 'yar Bukur, 'yar Katolika ta ƙin ƙarawa. Tun tana budurwa take ɗauke da wani nauyi. Ranar da kakanmu yake kan gargara an aike ta kiran Fada, ta tsaya hira a hanya, tsohon ya cika ba baftisma. Ba wanda ya taɓa goranta mata. Ita ce ba ta yafe wa kanta ba.

A ƙasar waje, a garin Germantown inda muke zaune, ta samu aikin jinyar wani tsoho Bayahude, Alexander. Shekara shida tana yi masa wanka, tana ware kwanukan nama da na madara yadda addininsu ya ce. Baba take ce masa. Shi ma da nasa ciwon, don bai cika addu'o'in makokin mahaifiyarsa ba. In ya ga tana jan carbi sai ya ce, “Chundung, me kika yi wa Allah kuma yau? Ni da ke mun ishe shi da ban haƙuri.”

“Baba, kai dai sha maganinka.”

Wata Talata da rana numfashinsa ya canja. Ta buga wa 'yarsa Olive, tana can cikin cunkoson mota. Goggo ta ce mini kakanmu ta gani kwance a gadon nan. Ta ɗauki kofin ruwan shansa, ta zuba masa a goshi sau uku, ta yi masa baftisma.

Ya buɗe ido ya dube ta. Sai ya juya fuskarsa bango, bai sake juyowa ba.

A wurin jana'iza Olive ta rungume ta tana kuka, ta ce, “Kin fi mu girmama addininsa.” Daga ranar Goggo ta daina cin abincin kirki. Ta je ta furta wa Fada. Ya ce ba a yi wa babba baftisma sai da yardarsa, amma Allah ya gafarta mata. Ta dawo ta zauna a ƙasan kicin ɗinmu.

“Allah ya yafe, to Baba fa? Na bar ubana ba ruwa, na zuba wa uban wasu. Ina zan sa kaina?”

Babana ya ce, “Ki rufe bakinki. Wa ya gani?”

“Yaya, shi ya gani.”

A gabana ta kira Olive, ta faɗa mata komai. Olive ta ce, “Ya sani?”

“Ya sani.”

Olive ta kashe wayar.

Wata takwas ke nan. Duk Lahadi bayan coci ina kai ta maƙabartar su Alexander, ta ɗora ɗan dutse a kan kabarinsa kamar yadda ta ga danginsa suna yi. Wayarta na hannunta har lokacin cin abinci. Olive ba ta kira ba.