Tsaga Uku a Kuncin Yaya Amna

Na fara ganin Amna Ja'afar ranar Lahadi, sha huɗu ga Janairu, 2024, da ƙarfe tara da kwata na safe. Na san lokacin ne domin na rubuta shi. Shekara shida ke nan ina riƙe da rajista a ƙaramin asibitin Duktura Wijdan da ke unguwar Mohandessin a nan Masar, hawa na uku, kuma duk wanda ya tsallako ƙofar sai na rubuta sunansa da lokacin zuwansa.

Duktura Wijdan mutuniyar Masar ce, ta yi shekara uku a ƙasar Sin tana koyon maganin gargajiyarsu. Aikinta tsira wa mata allurai a fuska, sirara kamar gashi, don fata ta ɗan tashi, tamoji ya ragu. Kafin ta taɓa allura sai ta duba harshen mace, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunta tana jin bugun jini. Ni kuma nawa cike takarda da ɗaukar hoto. A jikin takardar akwai zanen fuska, ina sa jan biro a duk wurin da mace take so a gyara.

A safiyar nan ina waya da ƙanwata ta Zariya, sai na ga wata dattijuwa tsaye a bakin ƙofa da bokiti da tsumma. Sabuwar mai goge benen ce. Ta jira har na gama.

"Ke ma tamu ce?" ta ce da Hausa.

"Taku ce. Fauziyya sunana."

"Wata takwas rabona da jin Hausa a bakin wani. Ƙara faɗar wani abu in ji."

Shekarunta sittin da uku. A Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ta, a bakin kogi kusa da Sinnar, inda kakanninta suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙara gaba ba. Ta yi shekara talatin tana sayar da shayi a Omdurman. Mijinta ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Da yaƙi ya ɓarke ta biyo mota zuwa Masar ita kaɗai, ta sami wurin kwana a unguwar Ard al-Liwa. Ina ce mata Yaya Amna, tana ce mini Malama.

Ta tambaye ni ko allurar nan tana ɗaga fatar da ta zube. Na ce haka Duktura take faɗa. Safiyar Talata ba mu cika samun mutane ba, kuma Duktura takan duba ma'aikatan benen a lokacin, saboda haka na rubuta mata zuwa sau goma, kowace Talata.

Ranar farko na ɗauko takarda na ce ta nuna mini inda ke damunta. Ta shafa kuncinta na dama, ta shafa na hagu, ta ce, "Nan da nan." Na matsa na duba. A cikin tamojin akwai tsagar gado, uku-uku a kowane kunci, sun dushe sai an lura. A shekara shida ban taɓa ganin macen da ta shigo tana son wani layi ya zauna a fuskarta ba. Na sa jan biro a kan kumatun zanen, na rubuta da Larabci: tabo, a rage shi. Ban tambaye ta ba, ita kuma ba ta iya karatu ba.

Mako huɗu Duktura tana jera allurai a gefen kowace tsaga, tana bi da wani koren dutse mai santsi tana murzawa. Ta ce saifar Yaya Amna ta yi rauni, shi ya sa naman fuska ya saki, ta hana ta ruwan sanyi. Yaya Amna takan kwanta minti ashirin da biyar, ido rufe, ba ta ko motsi. Ta taɓa ce mini tun rasuwar mijinta babu hannun da ya taɓa fuskarta sai wannan.

Ranar Talata, sha uku ga Fabrairu, Duktura ta jera hoton farko da na ranar, ta juyo da kwamfuta tana murna.

"Dubi, ya Hajja, tamam, ya yi kyau! Tsagar ta fara lafawa. Nan da wata guda da ƙyar a gan ta."

Yaya Amna ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta juyo gare ni, ta bar Larabci.

"Malama, me kika rubuta mata?"

Na faɗa mata.

"Ita dai Balarabiya ce, ma'alish, ba komai. Amma ke? A Zariyar taku ba a yin aska ne? Ko karatu ya shafe miki ido?"

A nan ta ba mu labarin, rabi Hausa rabi Larabci don Duktura ta ji. Tana da wa, Harun, ɗan shekara saba'in da biyar, yana garin Kasala can Sudan a gidan 'yarsa Shahd. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Tsufa ya taɓa masa kai. Duk ranar da aka sami layi, Shahd takan kira ta bidiyo ta sa masa waya a gaba, sai ya leƙa ya ce, "Wace ce wannan tsohuwar? Amna tana da tsagar gidanmu, uku nan, uku nan. Ku kira mini Amna." Ya ture wayar.

"Ba 'yammatanci nake nema ba," ta ce. "So nake fatar ta tashi, tsagar ta fito, ya gane ni kafin ɗayanmu ya tafi."

Na ɗauko takardar na ja layi ɗaya a kan abin da na rubuta, na gyara, na sa hannu da kwanan wata. Duktura ta ba ta haƙuri, ta kuma gaya mata gaskiya: za ta mayar da alluran goshi da haɓa da gefen kunne, fuska za ta iya ɗan haske, amma ba ta da allurar da ke dawo da tsaga. Yaya Amna ta ce a ci gaba. Ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba, har azumi ya kama.

Zuwa na goma ya faɗo ranar sha tara ga Maris. Na ɗauki hoto na gwada da na farko. Fatar ta yi laushi, kumburin ƙasan ido ya ragu. Tsagar tana nan yadda take, a ɓoye. Haka na rubuta.

Yaya Amna ta kalli hoton, ta buɗe jakarta ta fito da tandun kwalli.

"Duktura, ke kin san inda suke, mako huɗu kina binsu. Ni hannuna rawa yake."

Duktura ta wanke hannu, ta miƙe fatar da yatsu biyu, ta bi kowace tsaga da kwalli, shida cif. Yaya Amna ta zauna a kujerata saboda hasken taga, muka kira Shahd. Sai a karo na uku layi ya shiga. Na ga fuskar wani tsoho siriri da farar hula. Ya matso da ido har ya cika wayar. Ya daɗe yana kallon ta.

"Inna," ya ce. "Inna, kin dawo?"

Shahd ta ce daga gefe, "Baba, Gwaggo Amna ce."

Yaya Amna ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Na dawo, Haruna. Ka ci abinci?"

"Na ci. Inna, ina Amna? Kullum sai su kawo mini wata tsohuwa."

"Amna tana nan lafiya. Tana gaishe ka."

"Ki ce ta zo."

"Zan faɗa mata."

Sun yi minti goma sha ɗaya kafin layi ya yanke. Ta miƙo mini wayar, ta nemi auduga ta goge kuncinta, ta ce khalas, shi ke nan, ta ɗauki bokitinta ta sauka hawa na biyu, domin ba ta gama da shi ba.

Harun ya rasu ranar biyu ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi. Yaya Amna ta ci gaba da goge benen har watan Oktoba, lokacin da gwiwoyinta suka gaza hawa. Yanzu tana Ard al-Liwa a ɗaki ɗaya da wasu mata biyu 'yan Sudan waɗanda ba sa jin Hausa, tana ɓare gyaɗa tana soyawa, su fita da ita talla. Nakan je gaishe ta Juma'ar farko ta kowane wata.