Sunan da Ba Ya Cikin Takarda

Shekaranjiya ina saukowa daga masallacin Harami ta hanyar unguwar Misfala bayan la'asar, sai na ji wata mahajjaciya a bayana tana ƙwala wa ɗanta kira: "Ozoemena!" Ƙafafuna suka tsaya cak, har mai tura keken marasa lafiya ya kusa buge ni. Na fi shekara talatin rabona da jin sunan nan a bakin mutum, kuma gaskiya ban so na ji shi a wannan makon ba.

Bari in faɗa maka dalili. Kakata ta wajen uwa Ibo ce. Fataucin shanu ya kai kakana Inugu, can ya aure ta, ta musulunta, suka zo aikin hajji suka yi zamansu. Mun taso mun same ta a gidanmu na Misfala, hawa na biyu, tana Hausarta mai karkata da Larabcin kasuwa. Yarenta kuwa ta ninke shi ta ajiye kamar zanen ƙasan akwati. Sai in tana gyaran busasshen kifi za ka ji tana sakin wasu kalmomi ƙasa-ƙasa. Sitti muke ce mata, muna kwaikwayon maganarta, ita kuma ta bi mu da muciya.

Ni ce 'yar fari. Bayana mahaifiyata ta haifi maza uku a jere, babu wanda ya kai yaye. Har yau ina ganin Baba yana sauka matattakala da su a hannu, naɗe cikin farin ƙyalle, ba ya ko buƙatar mai taya shi ɗauka. Ina shekara tara aka haifi na huɗu, a tsakiyar zafin nan da ƙarfen taga ke ƙona hannu. Babu wadda ta yi guɗa. Maƙwabta suna shigowa barka suna magana a hankali kamar masu gaisuwar rasuwa.

A kwana na uku Sitti ta zaunar da ni ina taya ta tsince shinkafa. Ban tambaye ta komai ba ta fara magana. Ta ce a wajensu ba a ɗauko suna don daɗinsa a kunne. Magana ce iyaye ke yi, yaro ya ɗauke ta ya yi yawo da ita har tsufa. Wanta sunansa Onwubiko, wato mutuwa ki yi haƙuri haka nan. Ƙawarta ta ƙuruciya Nkemdilim, nawa ya zauna mini. Kana jin sunan mutum ka san abin da ya faɗa wa gidansu kafin ya zo. Wanda aka haifa bayan rashi a kan rashi kuwa, Ozoemena ake ce masa: kada wani ya sake faruwa.

"Sau biyu sunan nan yana bakina ina haɗiyewa," ta ce, "saboda kunyar ubanki. Wannan karon ba zan haɗiye ba."

Tsoro ya kama ni.

Baba mutum ne mai tsananin kunyar suruka, ko fuskarta ba ya kallo. Da ta same shi a bakin ƙofa, kansa a sunkuye ya saurare ta.

"Alhaji, ka sa masa wanda kake so a takarda. Ni dai ka bar ni in raɗa masa nawa."

"Hajiya, rai da mutuwa na Allah ne. Ba za a ji muna roƙo da yaren da ba mu sani ba a garin nan. Shi ke nan, a bar maganar."

"Wa kake zaton nake roƙo?"

Ya sa takalmansa ya fita.

Aka yi suna, aka yanka rago, aka raba nama. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, jaririn ya ƙi kama nono. Kafin azahar jikinsa ya yi zafi rau, kukansa ya koma siriri, irin kukan da dukanmu muka riga muka sani. Mahaifiyata ta juya fuskarta bango. Baba ya jawo farin tawul zai naɗe shi su tafi asibiti, Sitti ta fizge tawul ɗin ta miƙa masa zanenta na atamfa mai ja da kore. Ya karɓa ya naɗe jaririn a ciki.

Ina tsaye a saman matattakala ina kallonsa yana sauka, daidai yadda ya sauka sau uku a baya. A tsakiya ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗago kai, ya dubi surukarsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajiya, yaya ma ake faɗar sunan?"

Ta faɗa masa. Ya sunkuya kan kunnen jaririn ya maimaita, yana karya shi gida uku.

Ni ban ce suna ne ya warkar da ƙanena ba. Allura aka yi masa, aka ƙara masa ruwa, ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, Allah ya sa da sauran kwanansa. Amma Sitti ba ta taɓa kiransa da wani suna ba har ta rasu, Baba kuma bai sake hana ta ba.

Yanzu an rushe gidanmu, otal ne a wurin. Ƙanen nawa yana unguwar Rusaifa, Larabci ya fi masa Hausa sauƙi, kalma ɗaya ta yaren kakarsa bai riƙe ba. Matarsa ta haihu sau biyu, duka biyun bai kai su gida ba. Na ukun an haife shi kwana huɗu da suka wuce, yana cikin kwalba a asibiti.

Jiya ƙanen nawa ya kira ni da safe. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce, "Yaya, wane suna ne Sitti ke kirana da shi?"

Na faɗa masa. Na ji shi yana maimaitawa, yana karya shi daidai inda Baba ya karya. Saura kwana uku suna.