Akwatin da Bai Shiga Gado Ba

Abba ya rasu farkon damina, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Ban yi kuka ba. Mata suna ta shigowa gaisuwa gidanmu na Nassarawa suna yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai. In ci abinci, in tafi makarantar da nake koyarwa, in dawo in kwanta.

Bayan sadakar arba'in aka kira malami ya raba gado. Shi da yayana suka bi gidan ɗaki ɗaki, yana sa wa komai ƙima, har tsohuwar fankar da ta daina juyawa tun muna firamare. Da suka zo kusurwar falo, Yaya ya buɗe akwatin katakon da Abba yake ajiye faya-fayen garmaho. Tun yana ƙaramin ma'aikaci yake tara su: kiɗan kalangu, na goge, na Sudan, na Kwango. Malamin ya ɗago ɗaya da yatsu biyu, ya mayar.

"Kayan kiɗa ba su da ƙima a shari'a," ya ce. "Ba sa shiga gado."

Ya wuce kan firji.

Yaya ya ce a ƙone su, kada su zame wa Abba nauyi a kabari. Wannan Yayan fa shi ne ya karya allurar garmahon yana koyon rawa a zamanin jami'a, amma a shekarar nan wandonsa ya ɗage, gemu ya sauko, kullum yana wurin taro. Na ce a bar mini su. Ba ƙaunarsu ce ta sa ba. Ban son Yaya ya faɗi magana ta zauna ne.

Ana nan sai ga tsohon akawun ofishin Abba, Kirista ne mutumin Zariya, yana zaune a Kawaji. A da duk Lahadi in ya taso daga coci gidanmu yake biyowa, su zauna a baranda da Abba su sa faifai, su yi ta gardama kan wanda ya fi iya goge. Ya ji labarin ƙonawar.

"'Yata, ki sayar mini da su," ya ce. "Ba kyauta nake roƙo ba, don kada yayanki ya ce an yi masa zagon ƙasa. A gidana babu mai taɓa su."

"Zan yi tunani, Baba."

Ban yi ba. Wata uku ina ce masa zan yi tunani. Yaya in ya zo ya harari akwatin, tsohon in ya zo ya shafa murfinsa, ni in zauna tsakani kamar buhu. Na tambayi ƙawayena a makaranta, na tambayi ƙanwata da ke aure a Hotoro, har malamar Islamiyyarmu na tambaya. Kowa ya ba ni tasa amsar, babu wadda ta shige ni. Wani lokaci nakan zaro faifai ɗaya in duba rubutun Abba a bayan kwalin, in jira in ji wani abu a ƙirjina. Shiru. In mayar.

Hajiya mahaifiyarmu tana ɗakinta tana takaba, ba kwalli ba turare, carbi a hannu. Ba ta taɓa sa baki a maganar ba.

Daga ƙarshe gajiya ce ta yanke mini hukunci. Wata Laraba da safe na shiga gaishe ta, na ce mata na aika wa tsohon ya zo ranar Asabar ya ɗauka. Ta ce, "To." Satin ne ta fita takaba, ruwa kuma ya ɗauke, rana ta dawo da zafinta na kaka.

Al'adar Hajiya ce, kamar ta kowace mace a zamaninta, in damina ta wuce a fito da kaya a shanya: zannuwan ƙasan akwati, darduma, littattafai, duk abin da ya sha danshi. Ranar Alhamis bayan na tafi aiki ta buɗe akwatin, ta ji warin fumfuna, ta ga bai kamata a miƙa wa baƙo kaya a haka ba. Ta zare kowane faifai daga kwalinsa, ta goge shi da tsumma, ta jera su a kan simintin bayan gida tun hantsi.

Da la'asar na dawo. Na zagaya baya na same su jere reras, layi layi, kowanne ya lanƙwashe kamar gurasar da ta kwana. Na ɗauki ɗaya, ya ƙona mini yatsa. Na tsaya ina kallo, ina tunanin ban cire takalmin makaranta ba.

Hajiya ta fito da tsumman a hannunta. Ta durƙusa ta ɗauki wani mai jar takarda a tsakiya. Ba ta karatun boko, da launi ta gane shi.

"Wannan mahaifinku ya sa mini ranar da muka tare a gidan nan," ta ce. "Ko labule ba mu da shi a lokacin."

Ta yi ta ƙoƙarin mayar da shi cikin kwalinsa, ya ƙi shiga, har gefen kwalin ya yage.

"Ban san rana tana yi musu haka ba. Sun lalace ke nan?"

"Sun lalace, Hajiya."

"Ba za su ƙara yin kiɗa ba?"

"Ba za su yi ba."

Ta shafa jar takardar da babban yatsa. A nan kunya ta kama ni, ita ce abu na farko da na ji tun rasuwar. Na zaga gari ina neman shawara, ban taɓa tambayar matar da aka sa wa faya-fayen nan ba, ita kuma mai takaba ba ta buɗe baki ta ce tana son kayan kiɗa.

"To yanzu babu mai saye, ko?" ta ce.

"Babu."

"Kuma yayanki ba shi da abin ƙonawa."

"Ba shi da shi."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa.

"In sun huce ki kai mini su ɗakina."