Allin Baba Ari Mai Yankan Farce

Duk wanda ya ci kasuwar Lafiya a zamanin da muke ƙarƙashin Jos ya san Baba Ari mai yankan farce ba ya amsa sallama sai ya kalli ƙafarka. Sai ya gama duba dunduniya da tsakanin yatsu, sannan ya ɗago ya ce, "Wa alaikumus salam, ashe kai ne." Wai fuska maƙaryaciya ce, ana shafa mata mai, ƙafa ce ba ta iya ɓoye komai ba.

Abin haushin, shi mai bin diddigin ƙafafun jama'a, ba wanda ya taɓa ganin tasa. Rani da damina yana cikin huffi, safar fatar nan, a wannan zafi na Lafiya! In alwala ce ya shafa a kai. Mukan tsokane shi, "Baba, zinariya ka ɓoye a ciki?" Sai ya ce, "Ba a tambayar wanzami gashinsa. Miƙo taka."

Kun tuna shekarar da ma'aikatar lafiya ta jiha ta haɗa kai da asibitin gari don gwajin ciwon suga. Aka kafa tebur a bakin kasuwa, aka ajiye wata ma'aikaciyar jinya 'yar Tibi, Sista Dooshima. Kwana biyu tana korar ƙuda. To wa zai miƙa fitsarinsa a kwalba surukansa na kallo? Rana ta uku sai ga mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya murtuke fuska, kowa da zanen alli a bayan takalmi. Tana gwadawa, kusan duka suga! Ta bi sawunsu har gindin mangwaron da Baba ke sana'arsa.

"Baba, kai ne kana sa musu alli? Wane makaranta ka yi?"

"Makarantar ƙafa, 'yata. Wanda gyambonsa ya ƙi warkewa, ko ya tashi fitsari sau biyu kafin in gama yatsu goma, naki ne."

"To yaya suna yarda su zo?"

"Farce biyar nake yankewa. Sauran biyar sai na ga katinki."

Wallahi haka yake yi. Na ga wani babban dillalin doya yana roƙo kamar zai yi kuka, ƙafa ɗaya fes, ɗayar kamar ta shaho, Baba ko kallonsa bai yi ba.

Da labari ya kai Jos, manya suka zo da mota. Suka ce daga ranar duk mai allin Baba Ari ba ya bin layi, suka kuma ba shi farar riga irin ta asibiti. Washegari muka tarar ya shimfiɗa ta a kan ɗan bencin da ake ɗora ƙafa.

"Haba Baba, rigar gwamnati!"

"Gwamnati ta ce a kula da marar lafiya. Kafaɗata ƙalau take, ƙafa ce a wahale."

Ni Sule, lokacin ina jan babbar motar doya daga Agyaragu, ina cikin masu dariya har ranar da abin ya zo kaina. Yana cikin yi min yanka sai ya tsaya.

"Sule, ka ji?"

"Na ji me?"

Ashe tsinke yake soka min a tafin ƙafa, ni kuwa ina ta zuba labari. Ya juyo min da ita. Ƙusar takalmi ta huda ni, wurin har ya tara ruwa ya yi baƙi, ban sani ba. Duk da haka na ce lodi na jirana, sai na dawo.

Bawan Allahn nan ya ɗauke takalmana duka biyun ya zauna a kai.

"Baba, doyar mutane fa!"

"Doya in ta ruɓe a shuka wata. Kai da wace ƙafa za ka taka birki baɗi?"

Ya zana min alli a dunduniya, a kan fata, ya kira mai baro. Aka tura ni ta tsakiyar kasuwa kamar buhun rogo, ni direba guda, matan tumatir suna ta shewa. Sista ta duba, ta kama baki. "Oga direba, da ka ƙara sati biyu, wannan ƙafa ba naka ba ne." Na kwanta asibiti, na rabu da shayi mai kauri, na kama magani. Wata guda ban gaishe shi ba don kunya. Shi ko a jikinsa, ta bakin Sista yake aiko da gaisuwa, kuma wai a gai da ƙafar, ba ni ba.

Ya rasu ana saura shekara Lafiya ta zama babban birnin jiha. Ina cikin masu wanka, ni ke riƙe da buta. Ƙaninsa ya zare huffin. Yatsu biyu ne kacal a ƙafarsa ta hagu, sauran an yanke, tabon ya tsufa.

"Suga ce," in ji ƙanin. "Tun kafin ku san shi. Ya ce da akwai wanda ya kalli ƙafarsa da wuri, da ba a kai ga haka ba."

Shekara da shekaru muna yi wa huffin nan dariya, bai taɓa buɗewa ya tsorata mu da shi ba. Na sunkuya na kalli yatsuna, goma cif, hawaye na ɗiga a kansu.

Allah Ya jiƙan Baba Ari, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tsare mana ƙafafunmu a duniya, Allah Ya tabbatar da tasa a kan Siraɗi. Amin.