Tsumman Zanena a Jikin Jirgin Alhaji

Da wannan damina Baba ya cika shekara biyar a ƙasa. Ina aji uku a lakwal lokacin da ya rasu. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Baba masassaƙi ne a garinmu, kusa da Tasawa. Turmi da akushi ya saba yi, har shekarar da wani Alhaji mai sayen gyaɗa ya ɗoro kwale-kwale a bayan motar gyaɗarsa daga kudu. Ba don kamun kifi ya kawo shi ba, sai don ya riƙa yawo da baƙinsa a babban tabki idan ruwa ya cika. Rana ta tsattsaga katakon a hanya, sai aka kira Baba.

Nakan zauna a gefe in kalle shi. Yakan kankare tsagar da wuƙa, ya murɗa tsumma, ya tura shi ciki da kan ƙusa, sannan ya shafe da kwalta mai zafi. Da tsumma ya ƙare masa, ya dube ni ya ce, "Uwata, ara mini tsohon zanen nan naki, ke ma ki shiga ruwa." Shuɗi ne mai fararen furanni. Ya keta shi, ya cusa a babbar tsagar da ke ƙasa.

Ranar bikin samun ƴancin kai Alhaji ya cika jirgin da baƙi, har da makaɗi da gangarsa. Daga bakin tabki na ga ruwa ya kusa leɓen katako. Da suka yi nisa wani ya miƙe zai yi rawa, jirgin ya karkata. Baba ya faɗa ruwa daga bakin tabki, ya tokare jirgin da kafaɗa, yana turawa zuwa gaɓa har aka sauke kowa. Babu wanda ya jiƙe sama da gwiwa sai shi. Ciwon ƙirji ya kama shi, bai ga girbin gero ba.

A wurin ta'aziyya ina raba ruwan sha na ji Alhaji yana cewa, "Allah ya jiƙansa, amma gyaran nan nasa ne ya yi yoyo." Mutane suka gyaɗa kai. Har yau haka ake faɗa a gari.

Jirgin yana nan a kife a bayan shagon Alhaji, kaji suna kwana ƙarƙashi. Kullum ta nan nake bi zuwa lakwal. Na sha durƙusawa kamar ina gyara takalmi. Zanena yana nan daram a cikin tsagar, ko allura ba za ta shige ba.

A watan jiya Alhaji ya sayo sabon jirgi, shi ma ya tsage. Ya aiko yaronsa a ba shi aron gizago da wuƙaƙen Baba. Inna ta ce, "Ɗauko masa, ƴar nan, ai abin ya wuce."

Na fita zaure wurin yaron. Na ce, "Ka gaya wa Alhaji kayan mai yoyo ne, kada su ɓata masa jirgi. In yana so, ya tsaya a ƙofar masallaci ya janye abin da ya faɗa."

Da Baba yana raye, na san da ya saɓa gizagonsa ya tafi, ya ma yi dariya a hanya. Haƙurinsa yana wurin Inna. Ni kayan aikinsa na gada, suna ƙarƙashin gadona, kuma Alhaji bai zo masallaci da maganar ba tukuna.